Raddi Ga Masu Jiran Allurar Cire Ƙwaya

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane da yawa a Kano, musamman a unguwannin da ke tura 'ya'yansu aiki kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, daga Ja'en da Panshekara har Dakata da Tudun Murtala. Wai shaye-shaye guba ce da ke kwanciya a jini, kuma akwai allura guda da likita zai yi wa yaro, ta je ta toshe wurin da ke jin daɗin ƙwayar a ƙwaƙwalwarsa, shi ke nan sun rabu har abada. Wasu na cewa allurar tana Turai, tsada ce ta hana ta isowa. Wasu na cewa ɓoye ta ake yi da gangan don kada kasuwar tramol ta mutu. Waɗanda suka gaji da jira kuma sai su nemi a yi wa ɗansu abin da suke kira wankin jini, a ɗaura masa ledar ƙarin ruwa biyu ko uku, a koma gida ana sa rai.

Masu wannan magana ba su cancanci dariya ba. Galibinsu iyaye ne da suka ga ɗansu ya fara aikin kwana a kamfanin roba yana ɗan shekara ashirin, kafin shekara ta zagayo ya koma wani mutum dabam. Sun kuma ga abin da allura ke iya yi: ta sauke zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku, ta ceci wanda maciji ya sara. In ta yi wannan, me zai hana ta yi wancan? Tunani ne mai kan gado. Matsalar kuma ba ƙarama ba ce da za a ce wa mutum ya yi haƙuri kawai. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga ciki magungunan ciwo irin su tramol da kodin suka sha ba bisa umarnin likita ba. A Jihar Kano kaɗai ƙiyasin ya haura mutum miliyan ɗaya.

Zan fara da inda masu maganar suke da gaskiya, domin suna da ita. Masana sun daɗe suna neman wannan matoshin, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suka fi sa wa rai shi ne abin da ake kira makarɓin sigma.

A ƙwayoyin halittar jijiya akwai wasu ƙananan sassa da aikinsu karɓar saƙon sinadarai, su ne makarɓa. Kowane makarɓi kamar kwaɗo yake, sinadarin da ya dace da shi kuma shi ne mabuɗin. Akwai mabuɗin da ke shiga ya murɗa kwaɗon ya buɗe, akwai kuma wanda ke shiga ya cike ramin bai murɗa ba, ya hana wani shiga. Wannan na biyun shi ne matoshi. A 1976 William Martin da abokan aikinsa, a cibiyar binciken shaye-shaye da ke Lexington a Amurka, suka gwada magungunan dangin mofin a kan karnuka, suka ce makarɓan wannan dangi iri uku ne: mu, kappa da sigma. Biyun farko sun tabbata. Na ukun ya zo da gardama. A farkon shekarun 1980 Tsung-Ping Su ya nuna cewa naloxone, maganin da ke korar mofin daga makarɓansa, ba ya taɓa sigma, aka gane ashe ba ɗan gidan ba ne sam. Sigma ɗin ma iri biyu ne. Sai a 1996 masana a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya suka ware sigma na ɗaya daga hantar ɓeran Masar suka karanta tsarinsa. A 2007 aka nuna cewa yawanci ma ba a fatar ƙwayar halitta yake zaune ba, yana can ciki ne, yana taimakawa wajen kai-komon sinadarin kalsiyam da jure wa wahala in ƙwayar ta shiga matsi. Sigma na biyu kuwa sai a 2017 aka san ko wane ne, a Jami'ar Harvard. Shekara 41 ke nan daga raɗa suna zuwa sanin mai sunan.

A tsakanin wannan lokaci an ƙera matosai da dama, masu sunaye irin na lambar mota: BD-1047, BD-1063, NE-100. An ga cewa hodar iblis tana manne wa sigma, sai aka ce bari a toshe a gani. Sakamakon farko ya faranta rai. Ana sa ɓera a akwati mai ɗaki biyu, a riƙa ba shi hodar a ɗaki guda har ya saba, daga baya in an sake shi sai ya riƙa tarewa a wannan ɗakin. Ɓeran da aka fara ba shi matoshin sigma bai koyi wannan tarewar ba. A wasu gwaje-gwajen matoshin ya rage jijjigar da yawan hodar ke jawowa, ya kuma rage shan barasa a ɓerayen da aka saba musu da ita. Irin wannan labari ne ke fitowa a jarida da babban kanu, ya bi ta Facebook da WhatsApp, ya iso majalisar ƙofar gida a matsayin an gano maganin shaye-shaye.

Abin da ba ya isowa shi ne ci gaban labarin. Akwai gwaji mafi tsauri, inda ɓera da kansa ke danna wani ƙarfe don a tsiyaya masa hodar a jini, ya danna iya son ransa. Wannan ya fi kusa da halin ɗan'adam, tunda shi ma da hannunsa yake saya. A cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka da ke Baltimore an ba irin waɗannan ɓeraye tsantsar matosan sigma, suka ci gaba da danna ƙarfensu abinsu. Sai da aka haɗa da wani sinadarin da ke taɓa hanyar dofamin sannan aka ga sauyi. A lura kuma, kusan duk wannan aiki a kan hodar iblis da barasa da dangoginsu aka yi shi, ba a kan tramol da kodin da ke cin matasanmu ba.

A ɓangaren dangin mofin ma labarin ya juya baya ga abin da iyayenmu ke fata. A farkon shekarun 1990 Gavril Pasternak da abokin aikinsa a birnin New York suka gano cewa toshe sigma yana ƙara wa mofin ƙarfin kashe ciwo ne, ba ya kashe mofin ɗin. A kan wannan hanya kamfanin Esteve na Basalona a Sifen ya ƙera S1RA, wanda kuma ake kira E-52862, shi ne matoshin sigma da ya fi kowanne nisa a gwajin ciwo. An gwada shi a kan masu ciwon dajin hanji 124 da ake ba maganin oxaliplatin, wanda ke lalata jijiyoyin hannu da ƙafa har taɓa abu mai sanyi ya zama azaba. Rahoton 2018 ya nuna ya ɗan rage wannan lahani. Abin a yaba ne, amma maganin ciwon jijiya ake nema da shi, ba maganin shaye-shaye ba, kuma har yau bai shiga kemis ba ko a Sifen ɗin. Kafin shi an yi rimcazole da BMY-14802 a shekarun 1980, aka gwada su a kan masu taɓin hankali, suka kasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a harkar. Cikin duk sinadarai goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutum, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa. Shi ya sa kamfanonin da ke sayar wa jami'o'i BD-1047 da 'yan uwansa a ƙananan kwalabe suke rubutawa ɓaro-ɓaro cewa na bincike ne, ba na sha ba. Kayan aikin tambaya ne, ba amsa ba.

Ga masu cewa ɓoyewa ake yi, ina da abu guda da zan roƙa su duba. Ɗaya daga cikin sinadaran da suka fi kowanne manne wa sigma su toshe shi, shi ne haloperidol, wanda kamfanin Janssen na Beljiyam ya haɗa a 1958. Tsohon magani ne mai araha, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe suna rubuta shi, har ga matasan da ƙwaya ta juyar wa kai aka kawo su suna sambatu. Yana kwantar da sambatun, ta hanyar makarɓan dofamin. Da toshe sigma na cire son ƙwaya, da likitocin asibitin Dawanau da na Asibitin Malam Aminu Kano sun riga kowa gani, don a gabansu abin zai faru. Ba su gani ba. Abin da aka gani ma ya fi ban takaici. Haloperidol na sanƙarar da jiki, sai a haɗa wa majinyaci da benzhexol don ya sake. Wannan benzhexol ɗin shi ne Exol da jami'an NDLEA ke kamawa katan-katan a Kano, don shi ma ya zama abin maye. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu.

Mu Kanawa kuma bai kamata mu zama masu ɗokin maganin da bai gama gwaji ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana a kan yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su tsohon magani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗayan. Aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin yana musanta laifi, har aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Wanda ke tuna wannan da ɓacin rai, kuma yake fatan a kawo masa sinadarin da ɓera kaɗai ya taɓa sha a ɗura wa ɗansa, ya riƙe ra'ayi biyu da ba sa zama a tabarma ɗaya.

Sai batun wankin jini, wanda shi ne ya fi cin kuɗin talaka. Tramol ba ya daɗewa a jini. Cikin kamar awa shida rabinsa ya fita, hanta ta sarrafa, ƙoda ta zubar. Bayan kwana biyu babu wani abin kirki da ya saura da za a wanke. Wahalar da yaro ke shiga a wannan lokacin, gumi da hamma da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, ba alamar guba ta saura ba ce. Alamar ta fita ce, jikin da ya gyara zamansa a kan samunta kullum yana kukan rashinta. Tramol kuma ya fi kodin rikici, domin hanya biyu yake bi: yana taɓa makarɓin mu kamar mofin, yana kuma ɗaga sinadaran serotonin da noradrenalin kamar wasu magungunan ciwon damuwa. Shi ya sa mai barinsa kan haɗu da fargaba da ƙuncin rai da ruɗewa a kan ciwon jikin. Ƙarin ruwa na da amfani ga wanda amai da gudawa suka ƙarar, iyakarsa ke nan. A Amurka an gwada abin da ya fi wannan kusa da mafarkin allura guda: a sa mutum barci da maganin tiyata, a ɗura masa matoshin makarɓin mu, ya farka wai an gama. A 2012 wani asibiti a New York ya yi wa mutum 75 haka, biyu suka mutu, biyar suka kwanta rai a hannun Allah, hukumomin lafiya suka gargaɗi likitoci su daina.

To in ba a jini abin yake ba, yana ina? Wani ɓangarensa na cikin jijiyoyin da suka koyi ɗabi'a, wannan kuwa watanni yake ɗauka kafin ya sassauta. Wani ɓangaren kuma na cikin rayuwar da ta kai mutum ga ƙwayar tun farko. A nan binciken wata masaniya mai suna Lee Robins ya cancanci a ji shi. A 1971 gwamnatin Amurka ta firgita da yawan sojojinta da ke shan hodar heroin a yaƙin Biyetnam, inda kusan ɗaya cikin biyar ya ce ta kama shi. Robins ta bi sawunsu bayan sun dawo gida. A shekarar farko kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda ta kama suka koma cikinta, cikin shekara uku kusan kashi 12. Ba allura aka yi musu ba. Fagen daga suka bari, da tsoronsa da gundurarsa da arahar kayan.

Matashin Sharaɗa ba shi da jirgin da zai ɗauke shi daga nasa fagen. Bompai ta fara tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da masaƙu da injinan matsar gyaɗa da majemu ke ɗaukar dubban mutane aikin dindindin. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar lantarki da kwararowar atamfar waje, da yawa sun rufe. Waɗanda suka saura, na roba da fata da shinkafa da lemo, suna dogara sosai ga leburorin wucin gadi, wanda in bai zo ba yau babu kuɗin yau, a ƙofa kuma akwai masu jiran gurbinsa. Mai tsayuwa awa goma sha biyu a gaban injin narkar da roba, ko mai jan jiƙaƙƙun fatu daga ruwan sinadari a majemar Challawa, ko ɗan dakon da ke sauke buhuna daga tirela, bayansa na ciwo da gaske. A watan Yunin 2020 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an kulle su a ciki tun farkon dokar kullen korona. Wannan ya wuce gona da iri, ba haka kowane kamfani yake ba, amma ya nuna iyakar ƙarfin lebura wajen cewa a'a. Irin wannan mutum ba don nishaɗi ya fara haɗiyar tramol ba. Cewa yake yi tana ba shi ƙarfi. Ba ƙarfi take ba shi ba, saƙon ciwo da na gajiya take dannewa, jikin na ci gaba da lalacewa bai ji ba. Dokar Najeriya ta amince da mai miligiram 50 da mai 100, likita kuma ba ya wuce 400 a yini. Na bayan fage 200 ne da 225 da 250, mutum ya watsa biyu ko uku a lokaci guda, daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokacin a gefen inji.

A ɗauka ma allurar ta samu gobe, ta toshe makarɓin tsaf. Ranar Litinin yaron zai koma gaban injin nan da bayan nan mai ciwo. Mun riga mun ga abin da ke faruwa in an toshe ƙofa ɗaya. Bayan fim ɗin binciken da BBC ta yi a kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a farkon Mayun 2018, Indiya ma ta tsaurara fitar da tramol a shekarar. Kasuwa ba ta mutu ba, ta sauya kaya. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani haɗin tapentadol da carisoprodol da ake yi a Indiya ana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Ko rufe shagunan magani na Sabon Gari da aka yi a Fabrairun 2024 don mayar da 'yan kasuwar sabuwar cibiyar Dangwauro, gyara ne mai kyau ta fuskar sa ido, amma bai taɓa dalilin da ya sa lebura ke nema ba. Matoshin makarɓin mu kuma ba ya hana Exol ko roci ko sholisho aiki, don kowannensu da hanyarsa.

Kada a fahimce ni da cewa magani ba shi da rawar takawa. Yana da ita, sai dai ba irin wadda ake zato ba. Methadone da buprenorphine, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2005, suna rage mutuwa sosai a tsakanin waɗanda dangin mofin suka kama, amma shan su ake yi watanni ko shekaru a ƙarƙashin kulawa. Naltrexone matoshi ne na gaskiya, har akwai allurarsa ta wata-wata da Amurka ta amince da ita ga masu shan dangin mofin a 2010, ita ce mafi kusa da abin da iyayenmu ke kwatantawa. Amma sai mutum ya yi mako guda zuwa kwana goma bai sha komai ba kafin a fara, kuma in wata ya ƙare ba a sake ba, toshiyar ta tafi. Ga mai tramol, abin da likita ya fi yi shi ne rage masa a hankali, a duba ciwon da ya kai shi, a duba ko akwai damuwa a ƙarƙashi, a riƙa ganinsa a kai a kai. Addu'a da nasiha da jan yaro a jiki suna cikin wannan aiki, ba kishiyoyinsa ba ne. Mari da bulala ne ba sa ciki, abin da aka gani a gidajen marin da aka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa shaida. Masu kamfani su ma suna da nasu kason: ma'aikacin jinya a wurin aiki, hutu tsakanin aikin kwana da na rana, da barin mutum ya je asibiti bai rasa kuɗin yininsa ba. Waɗannan duka sun fi arha a kan hannun da inji ya cinye.

Akwai haɗari guda da imani da allura ke jawowa kai tsaye, kuma shi ya fi damuna. Iyalin da suka gamsu an wanke jini sukan sauke hankalinsu, su ce an gama. Alhali makonnin da ke biyo bayan daina sha su ne mafi hatsari a duk tafiyar. Jikin da a da yake ɗaukar ƙwaya huɗu ya riga ya manta wannan juriyar, amma hannun bai manta adadin ba. Ranar da yaro ya koma, ya haɗiyi abin da ya saba, numfashi na iya tsayawa. Wanda aka tarar ya sume, numfashinsa na ja a hankali, leɓɓansa sun sauya launi, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, kada a ɗura masa madara ko manja. A can akwai naloxone da ke farfaɗo da numfashi, sai dai ga tramol rabin aikin kawai yake yi, ba ya tsayar da jijjiga, kuma ƙarfinsa kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka ko yaro ya buɗe ido ya ce a tafi gida, a bari sai likita ya sallama.